Babi na Tara: Ina Son Tafiya, Ina So In Tafi

A Falanko na ga takardar. Hutun makaranta ne na ƙarshen watan Maris, zafin bazara ya fara kankama a ƙasar Damargu, na je gaida ƙanwata da ke aure can. Ɗiyarta ta fari tana ajin ƙarshe na kolej, saura wata uku ta zauna jarrabawar brebe. Da la'asar, bayan ta dawo daga rijiya ta sauke jarkoki daga amalanke, sai ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta kawo fura, ta koma ɗaki ta ɗauko littafin rubutunta na Ingilishi. Shafin da ta buɗe jan biro ya cinye shi.

Jimloli biyar ne mushe, wato malaminsu, ya ja wa layi: *I enjoy to read. Before to go to school, I fetch water. She left without to speak. I finished to pound the millet. I want that my brother comes.* A saman huɗun farko ya rubuta *reading, going, speaking, pounding*. Ta biyar kuwa ya soke ta gaba ɗaya, ya rubuta *I want my brother to come*.

"Kawu," ta ce, "ni wannan abu ya gagare ni. Wani wuri a ce *to*, wani wuri a ce *-ing*. Mushe ya ba mu jerin kalmomi mu haddace, na haddace, ranar jarrabawa duk suka watse."

Na ce ta faɗa mini jimlolin da Faransanci. Ba ta ko yi jinkiri ba: *j'aime lire, avant d'aller, sans parler, j'ai fini de piler, je veux que mon frère vienne*. Na ce to, yanzu faɗa mini su yadda za ki faɗa wa innarki. Ta yi dariya, ta ce: ina jin daɗin karatu, kafin tafiya makaranta ina ɗebo ruwa, ta fita ba tare da yin magana ba, na gama dakan gero, ina so ƙanena ya zo.

Na ce ta sake maimaitawa a hankali, ta saurari bakinta. Karatu, tafiya, yin magana, daka: huɗu ke nan masu kama ɗaya, kuma su ne daidai wuraren da mushe ya sa *-ing*. Ta biyar ta fita daban, "ya zo", kuma nan ne mushe ya sa *to come*. Amsar tana bakinta tun tana goye, a hanya ce ta zube.

Hanyar nan kuwa mun san ta. Yaro a Nijar yakan yi shekara shida a firamare da Faransanci, sai ya shiga kolej sannan ya fara jin Ingilishi, kuma galibi da Faransanci ake yi masa bayaninsa. Idan aka ce ya rubuta jimla, yakan yi tunani da Hausa, ya juya shi Faransanci, sannan ya juya Faransancin zuwa Ingilishi. A wannan gaɓa ta nahawu, zangon tsakiyar nan ne ke ɓata lissafi. Faransanci siffa ɗaya gare shi inda Hausa da Ingilishi ke da biyu. Bafaranshe zai ce *je veux partir*, ya ce *avant de partir*, ya ce *partir est difficile*, kalmar ba ta motsa ba. Bahaushe zai ce ina so in tafi, kafin tafiya, tafiya tana da wuya. Baturen Ingila zai ce *I want to leave, before leaving, leaving is hard*. Yaron da ya bi ta Faransanci ya zama kamar wanda ya zo da gero da dawa a ƙwarya biyu, aka juye masa su a buhu ɗaya, sannan aka ce ya ware.

Littattafan nahawun Ingilishi suna kiran siffar da ke ƙarewa da *-ing*, idan tana aikin suna, *gerund*. Wadda *to* ke shige wa gaba kuma *infinitive*. Sunayen daga Latin aka aro su, ba sa gaya wa ɗan Damargu komai, har ma na farkon yana da tarko: ya yi kama da *gérondif* na Faransanci, alhali wannan shi ne *en marchant, en mangeant*, wato yana cikin tafiya, yana cikin ci, kuma ba ya taɓa tsayawa a matsayin suna. A wannan babi zan kira ta farko mai jela, ta biyu mai jagora.

Mu fara daga gida. Hausa tana da abin da malaman nahawu ke kira sunan aiki: noma, shuka, girbi, sussuka, shiƙa, daka, ɗinki, tafiya, kwana, karatu. Aiki ne aka mayar da shi abu, har ana iya ɗaukarsa a ajiye a duk inda suna ke zama. Yana buɗe jimla: noma ya fi ciniki wahala. Yana karɓar aiki: ta iya daka. Yana ɗaukar mahaɗi kamar kowane suna: shan fura, dakan gero, tafiyar dare. Ana mallakarsa: zuwansa, tashinta, dawowarku. Wasu da *-wa* suke ƙarewa, kamar dafawa, rufewa, sayarwa, kawowa, kuma wannan *-wa* takan faɗi idan abin da aka yi wa aikin ya biyo baya, shi ya sa muke cewa ina dafawa, amma ina dafa tuwo. Paul Newman ya yi dogon bayani a kan wannan a babban littafinsa na nahawun Hausa da Jami'ar Yale ta buga a 2000. Mu dai abin da muke buƙata a nan kaɗan ne: mai jela ta Ingilishi ƴar'uwar sunan aikinmu ce ta jini. *Farming is hard*, noma da wuya. *His coming surprised us*, zuwansa ya ba mu mamaki. Har a haɗa kalmomi sun yi canjaras, sai dai su na gaba suke sawa baya: ruwan sha *drinking water*, keken ɗinki *sewing machine*, dutsen niƙa *grinding stone*. Duk wanda ya san ruwan sha ba shi ke sha ba, shan sa ake yi, ya riga ya gane abin da ke ruɗa ɗalibai da yawa game da *drinking water*.

Siffa ta biyu da Hausa ke da ita ita ce ta "in tafi, ka tafi, ki tafi, ya tafi, ta tafi, mu tafi, ku tafi, su tafi". Da ita muke umarni, da ita muke addu'a da fata, da ita muke faɗin abin da ya kawo mu. Allah ya ba mu damina mai albarka. Na zo in gaishe ki. Ina so ki ci jarrabawa. Galibi inda ta bayyana, aikin bai auku ba tukuna, ana dai fuskantarsa. Mafi yawan wannan kaya mai jagora ce ke ɗauka a Ingilishi: *I came to greet you, I want you to pass*.

Tarihin harshen ya nuna dalili. A tsohon Ingilishi, irin na zamanin Sarki Alfred da ya rasu a 899, *to* ƙaramar kalma ce mai nufin "zuwa", kamar yadda har gobe take a *go to Tanout*. Sai aka riƙa sa ta gaban aikatau don nuna nufi, aikin da mutum ya dosa. Sannu a hankali ta manne, ma'anarta ta dushe, amma ba ta mutu ba. Ita kuwa jelar *-ing* tun asali ƙera sunaye daga aikatau ne aikinta. Wani masanin harshe Ba'amurke, Dwight Bolinger, ya taƙaita bambancin a 1968: mai jagora ta fi karkata ga abin da ake zato ko ake nufa, mai jela ga abin da ya tabbata, wanda aka riga aka taɓa ko aka sani. Ba ƙa'ida ce da ba ta karyewa ba, za mu zo kan inda take karyewa. Amma ta fi jerin hadda nesa ba kusa ba, kuma mai jin Hausa yana da hanyar gwada ta da Bafaranshe ba shi da ita.

Ga gwajin kamar yadda na koya wa ɗiyar tawa a kan tabarmar nan. Ki ɗauki aikatau na farko ki mayar da shi Hausa, sannan ki gwada ko zai karɓi "in yi" a bayansa. Idan ya karɓa, kusan kullum *to* ne. Ina so in tafi, *want to go*. Na yarda in zo, *agree to come*. Na yanke shawara in zauna, *decide to stay*. Ina fata in samu, *hope to get*. Na shirya in fita, *plan to go out*. Ya ƙi ya biya, *refuse to pay*. Ya samu ya tsere, *manage to escape*. Idan kuwa kunnenki ya ƙi shi, jela ce. Ba mai cewa "na gama in daka", sai na gama daka, don haka *finish pounding*. Ba mai cewa "ya daina ya sha taba", sai ya daina shan taba, *give up smoking*. Haka guji yin ƙarya, *avoid lying*. Ya musanta satar akuyar, *deny stealing the goat*. Ta ci gaba da kuka, *keep crying*. Ina jin daɗin hira, *enjoy chatting*. A lura fa, tambayar ita ce ko "in yi" zai shiga, domin sunan aiki shi kusan ko'ina yana shiga. Muna cewa na yi alkawarin zuwa, muna kuma cewa na yi alkawari zan zo. Yiwuwar ta biyun ce ke nuna mana *promise to come*.

Kalmar "so" tana buƙatar tsayawa kaɗan, don tana ɗauke da kaya biyu. Idan mutum ya ce ina son shan fura, yana iya nufin ɗabi'arsa ce, yana iya kuma nufin yanzu yake marmarinta. Idan ya ce ina so in sha fura, magana ta ƙare, yanzu yake nufi. Ingilishi ya raba su da kalmomi biyu. *Want* jagora kawai yake karɓa. *Like* yana karɓar duka biyun, *I like drinking* ko *I like to drink*, bambancin ɗan siriri ne wanda bai kai ya hana ɗalibi barci ba. Haka *love, hate, prefer, begin, start, continue*: kowace ka sa ka yi daidai. Sai dai da zarar *would* ya shigo, *I would like to go*, zan so in tafi, an koma ga abin da bai auku ba, jela ta fita.

Inda abin ya fi daɗi, kuma inda masu shirya jarrabawa suka fi son kafa tarko, shi ne ƴan kalmomin da ke karɓar siffofin biyu amma ma'ana ta juya. Faransanci yakan bar ɗalibi cikin duhu a wasunsu. Hausa kuwa kalmomi daban-daban ma take da su.

Ɗauki *stop*. Mai raƙumi ya taso daga Tanut ya nufi Balbeji, ya iso rijiya. *He stopped to drink*: ya tsaya ya sha ruwa. Tafiyar ya katse, shan yana gabansa. *He stopped drinking*: ya daina sha. Shan ne ya yanke. Tsaya da daina, ba Bahaushen da zai haɗa su. Likita ya ce wa majinyaci *stop smoking*, ɗalibi ya fassara shi da "tsaya ka sha taba", ka ga an juya magana a kan lafiyar mutum.

*Remember* ma haka. *Remember to close the granary*: ki tuna ki rufe rumbu. Tunawa ce ta fara zuwa, rufewar na biye. *I remember closing the granary*: na tuna na rufe rumbu, ina ganin hannuna a kan marfin. A nan rufewar ta riga ta wuce, tunawa ce ke waiwayenta. Na tambayi yarinyar wanne innarta za ta faɗa mata in za ta fita, wanne kuma ita za ta faɗa in aka tarar awaki sun shiga hatsi ana neman mai laifi. Nan take ta raba su. *Forget* tafarki ɗaya yake bi: *I forgot to greet him*, na manta ban gaishe shi ba, *I will never forget meeting him*, ba zan taɓa manta haɗuwata da shi ba. A wannan ta ƙarshe har sunan aikin ya fito fili a Hausar, haɗuwata.

*Try* ya fi su laushi. *Try to lift the sack*, yi ƙoƙari ka ɗaga buhun: akwai nauyi, mai yiwuwa ka kasa. *Try adding potash*, gwada sa kanwa: sa kanwar ba wuya, ana dai so a ga ko waken zai nuna. Ƙoƙari da gwaji ke nan. *Regret* kuma, in da jela nadama ce a kan abin da ya wuce, *I regret selling the ram*, na yi nadamar sayar da ragon. In da jagora, salon wasiƙar ofis ne mai ɗauke da labari mara daɗi, *we regret to inform you*, da baƙin ciki muke sanar da kai. Akwai kuma wata da nake ƙauna don yadda ta zauna daram a kan Hausa: *the shirt needs washing*, rigar tana buƙatar wanki. Ba rigar ce za ta yi wankin ba, ita za a wanke, kuma harsunan biyu sun bar sunan aikin haka nan ba tare da wata alama ba. *I need to wash* kuwa ni ne zan yi, ina buƙata in yi wanka.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta fi gwajinmu ƙarfi, kuma ita ba ta da togaciya da za ta dami ɗalibi. Bayan ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri da lokaci da hanya, *in, on, at, of, for, by, with, without, about, before, after*, jela kawai ke shiga. Dalilin a fili yake: waɗannan kalmomi suna suke ja a bayansu, kuma mai jela ita ce siffar aikatau da ta zama suna. Hausa ma haka take yi: bayan cin abinci, ba tare da sallama ba, wajen ɗinki, saboda makara, ta hanyar roƙo. Faransanci ne ya bambanta, shi yake sa *sans parler, pour manger, avant de sortir*, daga nan biyu cikin kurakuran yarinyar biyar suka fito. Gargaɗi ɗaya: muna cewa "kafin in tafi", kuma wanda ya riƙe gwajin "in yi" da ƙarfi zai so ya rubuta *before to go*. Kada ya yi. Ko dai *before going*, kafin tafiya, ko *before I go*, kafin in tafi.

*Pour* na Faransanci yana haifar da wani kuskuren da na gyara ba adadi: *I came for to see you*, ko *I came for see you*. Nufin mutum da jagora ake faɗinsa, *I came to see you*, na zo in gan ka. Amfanin kaya kuwa da *for* da jela, *a hoe is for weeding*, hauya ta noma ce.

Sai tarkon da ke kama har manyan ma'aikata. Tunda *to* asalinta "zuwa" ce, akwai wuraren da har yanzu aikinta na asali take yi, ba jagora ba ce, don haka jela ke bin ta. *I look forward to seeing you*, ina ɗokin ganinka. *I am used to waking early*, na saba da tashi da asuba. *He objected to paying*, ya nuna ƙin biya. Duba Hausar: ganinka, tashi, biya, duk sunayen aiki. Hanyar ganewa ita ce ka sa suna na gaske a wurin ka ji. *I look forward to the rains* ya zauna, don haka *to* ɗin ta "zuwa" ce. *I want to the rains* bai zauna ba, don haka jagora ce. Dubban wasiƙun neman aiki suna ƙarewa da *looking forward to hear from you*, a Nijar da Najeriya duka, kuma mai karantawa zai gane nufi, amma wanda ke tace takardu ɗari don ya zaɓi goma yakan ga irin wannan. A kuma raba *I am used to farming*, na saba da noma, da *I used to farm*, a da ina noma, yanzu na bari. Ƙaramar *am* da jela ne kaɗai tsakaninsu a ido, a ma'ana kuwa ɗaya manomi ne, ɗaya tsohon manomi.

Wani lokaci aikatau yakan zo tsurarsa, ba jagora ba jela. Bayan *can, must, will, should, may* haka yake: *I can swim*, ba *I can to swim* ba. Bayan *let* da *make* ma haka: *let me go*, bar ni in tafi, *it made me cry*, ya sa ni kuka. A nan gwajin "in yi" zai ruɗe ka, sai ka riƙe su biyun a ka. Samarinmu masu zuwa cirani Kano sukan dawo da *he made me to wait*, don haka ake yawan faɗa a can, kuma a kasuwa ba wanda zai ɗaga gira. A takardar jarrabawa *he made me wait* ake so. Da kalmomin gani da ji kuma, Hausa ta sake riƙe mana fitila: *I saw him cross the road*, na gan shi ya ƙetare hanya, daga wannan gefe har wancan, *I saw him crossing the road*, na gan shi yana ƙetare hanya, a tsakiya idona ya same shi.

Wannan "yana ƙetarewa" ya tuna mini abin da ɗalibai kan tambaya: shin *-ing* na *I am farming* da na *farming is hard* abu ɗaya ne? A tsohon Ingilishi jela biyu ne daban, daga baya suka narke suka zama ɗaya, har Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na Cambridge na 2002, suka ga babu amfanin ci gaba da ba su suna biyu. Mai jin Hausa bai kamata ya yi mamaki ba. Mu ma "noma" ɗaya ce a ina noma da noma da wuya.

Haɗuwar Hausa da Ingilishi a wannan yanki ta girmi zuwan Faransanci. A watan Janairun 1851, ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko ya sauko daga Abzin tare da fataken gishiri ya shigo Damargu, kuma a Taghelel Turawan uku suka fara rabuwa: James Richardson ya nufi Zinder, Adolf Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, Heinrich Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Da Barth zai koma Turai a 1855, ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan Dambanas a ƙasar Kance, wanda aka kama bauta Overweg ya ƴanta shi. A Ingila, daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya samo yawancin Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ita, da littafin Magana Hausa na 1885. Sojojin Faransa sai 1899 suka kama Zinder. Yaron nan na ƙasar Damagaram kai tsaye ya ƙetara daga Hausa zuwa Ingilishi, ba Faransanci a tsakani.

Ba ina cewa a kori Faransanci daga ajin Ingilishi ba ne. A tarin kalmomi babban jari ne, domin dubban kalmomin Ingilishi daga Faransanci suka shigo bayan 1066, kuma yaron da ya san *nation* da *important* da *village* ya samu kyauta. Abin da ke damuna shi ne malamin da ya ji Hausa, ɗalibansa sun ji Hausa, har Buzaye da Fulani da Dagira na cikinsu da ita suke ciniki a kasuwa, amma yana ganin abin kunya ne ya rubuta "daina" da "tsaya" a allo. Minti biyar na Hausa a wannan darasi ya fi mako biyu na hadda. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare a Zinder. Kundin sake gina ƙasar Nijar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Malamin da ya kwatanta nahawun Ingilishi da na Hausa a aji yanzu ba wanda zai ce ya kauce hanya.

Saura in cika alkawarin da na yi na nuna inda gwajin ke faɗuwa, don wanda aka ɓoye wa ramin hanya shi ke karya ƙafa. Yarinyar ce ma ta fara gano ɗaya. Ta yi shiru tana juya biro, sai ta ce, "Kawu, to ai muna cewa ya ba da shawara mu tafi. Ke nan *he suggested us to go*?"

Na ce a'a, kin kama ɓarawon da hannunki. *Suggest* jela yake so, *he suggested going*, ko kuma *he suggested that we go*. Ɗan'uwansa *advise* shi ne mai bin gwajin, *he advised us to go*. Haka "hana": muna cewa ya hana ni in fita, amma Ingilishi *he prevented me from going out* yake cewa, saboda *from* ta shiga tsakani. Ta ɗaya gefen kuma akwai waɗanda Hausa ke ba sunan aiki kaɗai, Ingilishi ya ba su jagora: ya kasa zuwa, *he failed to come*, ta koyi ɗinki, *she learned to sew*, ya koya mini tuƙi, *he taught me to drive*. Sai *seem* da *pretend*, waɗanda ko bayanin Bolinger bai rufe su ba, don babu wani abin gaba da ake dosa a *he seems to know* ko *she pretended to sleep*. Mu "kamar" muke sawa a nan, kamar ya sani, ta yi kamar tana barci.

Ta ƙirga da yatsu: *suggest, prevent, fail, learn, teach, seem, pretend*, ta ƙara *let* da *make*. Tara. Jerin da mushe ya ba su ya cika shafi biyu. Ta juya littafin ta rubuta taran nan a cikin bangon baya, kowace da jimlarta ta Hausa a gefe. A wajen *learn* ta sa "na koyi daka wurin inna", ta tsaya, ta rubuta *I learned to pound from my mother*, ta miƙo mini in duba. Ana haka aka kira magariba, innarta ta leƙo daga madafa ta ce a zo a ɗaure awaki.